Inda Batir Yake Kwana: Tafiyata Shenzhen

Kayan sola ne suka kai ni ƙasar Sin a watan Oktoba na 2025, lokacin baje kolin Canton da ake yi a Guangzhou sau biyu a shekara. Amma a aljihun rigata akwai wata takarda da ba ruwanta da sola. Ɗan yayata ne ya miƙo min ita daren da zan bar Kano, ya ce, "Kawu, don Allah in ka samu sarari." A jiki ya rubuta batura huɗu da farfela da wasu ƙananan tarkace. Shekararsa goma sha tara. Da motar kara ya fara yana yaro, ya koma ta langa-langa, yanzu ya kai ga yanka farin soson da ake naɗo sabon firji da shi, ya ƙera jirgin da ke tashi sama da rimot. Asabar da Lahadi kuma yana bin wani mai ɗaukar hoton biki, yana kula masa da jirgi mara matuƙi.

Wata biyu kafin tafiyar, an kawo wuta wajen ƙarfe biyu na dare. Ya farka ya jona batir a caji, ya ɗora shi a gefen katifa, barci ya sake kwashe shi. Ƙanwarsa ce ta ji wani wari mai hawa kai daga ɗakin, ta yi ihu. Kafin a kashe wutar rabin katifa ya tafi, labule ya tafi, littattafansa na makaranta sun tafi, shi kuma ya fita da ƙuna a bayan hannu. Allah ya kiyaye, abin ya tsaya nan. Washegari Yaya ta ce ta gama magana, a tattara jiragen a kai bola. Na roƙe ta ta ba ni zuwa dawowata, domin na ga abin da hannun yaron yake iya yi, kuma ban so a kashe masa zuciya kafin mu san ainihin abin da ya jawo gobarar. Shekara goma sha biyu ina haɗa wa mutane sola, amma waɗannan baturan masu laushi kamar kunshin alawa, waɗanda aka rubuta wa LiPo a jiki, ban taɓa zama na fahimce su ba.

Da na sallami harkar Guangzhou sai na ware kwana uku. Wani ɗalibi ɗan Damagaram da ke karatun injiniyan lantarki a can shi ya yi min tafinta. Muka hau jirgin ƙasa mai gudun kilomita 300 a awa, cikin kamar rabin awa muna tashar arewa ta Shenzhen.

Garin yaro ne in aka gwada shi da Kano. A 1980 aka mai da shi yankin kasuwanci na musamman a bakin iyakar Hong Kong, yau mutanensa sun haura miliyan 17. Kuma batir ne ke tafiyar da shi. A ƙarshen 2017 bas-bas ɗinsa sama da 16,000 duk suka koma na lantarki, shi ya sa za ka tsaya a bakin babban titi ka ji abokinka yana magana ba sai ya ɗaga murya ba. A nan aka kafa kamfanin BYD a 1995, kuma da batura ya fara kafin ya kai ga mota. A nan kamfanin DJI yake tun 2006, mai jiragen da masu hoton bikinmu ke shawagi da su a kan amarya da ango.

Kasuwar da muka nufa sunanta Huaqiangbei, a gundumar Futian. Wanda ya san kasuwar waya ta Farm Centre, to ya ɗauke ta ya ninka, ya ɗora wata a kan wata bene-bene, ya jera irin wannan gini hagu da dama na titi guda. Dogon ginin SEG ya haura hawa 70, benayensa na ƙasa duk rumfuna ne, kowace ba ta fi faɗin tabarma biyu ba. Sai da muka yi ta tambaya kafin muka dace da wata mata mai sayar da kayan jiragen rimot zalla. Ta karɓi takardar, tafintana ya karanta mata, amma ba ta ɗauko komai ba. Ta yi wata tambaya.

"Alhaji, cewa ta yi da me yaron yake caji?"

Akwai hoton abin da ya rage na cajar a wayata. Wata 'yar baƙar caja ce mai waya biyu kacal, ja da baƙa, irin wadda ake samu da araha. Matar ta duba, ta girgiza kai, ta jawo batir guda ta nuna min wani ƙaramin farin filogi mai siraran wayoyi biyar da ke reto a gefensa. Nan na fara gane abin da ya ci katifar.

Batirin da muke gani guda ɗaya, ƙwayoyi ne aka jera a ciki, wata na bin wata. Kowace ƙwaya bolt 3.7 ce a matsakaici, in ta cika 4.2, kuma ba ta yarda a wuce da ita nan. Wanda aka rubuta wa 4S ƙwaya huɗu ne, cikarsa 16.8. Caja mai waya biyu jimilla kawai take gani. In ƙwaya uku suna kan 4.1, za ta ci gaba da ɗura wuta har jimillar ta kai 16.8, alhali ta huɗun ta kai 4.5, ta wuce iyaka. Siraran wayoyin nan su ne idon caja: ta cikinsu take leƙa kowace ƙwaya ita kaɗai, ta rage wa wadda ta yi gaba, ta jira wadda ta yi baya. Shi ya sa yawansu kullum yake ɗara yawan ƙwayoyin da ɗaya, biyar ga 4S, bakwai ga 6S. Yaronmu ya yi wata da watanni yana caji farin filogin yana lilo a banza, bai san aikinsa ba, kuma ba wanda ya gaya masa. Wanda ya sayar masa da cajar ma ina kyautata zaton bai sani ba.

Ta soka wata 'yar mita a sababbin baturan da ke cikin kwali, ɗaya bayan ɗaya. Kowace ƙwaya 3.8 ko kusa da haka. Ta ce haka suke fitowa daga masana'anta, rabin ciki, kuma haka ake son su zauna duk lokacin da ba a aiki da su. Da ta ga tambayoyina sun fi cinikina yawa, sai ta ce akwai wani dattijo da ke saye a wurinta, duk Asabar yana fita bayan gari da abokansa su tashi jirage, mu je mu gani da idonmu. Ta aika masa saƙo ta WeChat, ya amsa cewa mu zo.

Juma'a ta same mu a masallacin unguwar Meilin, muka yi sahu da 'yan ƙasa da Larabawa da 'yan Pakistan da wasu 'yan Mali. Bayan an idar muka ci taliyar Lanzhou a wani shagon Musulmi mai koren allo, wadda ake ja da hannu a gabanka. Duk ɗan kasuwarmu da ya taɓa zuwa Sin ya san darajar koren allon nan.

Ranar Asabar da sassafe muka bi jirgin ƙarƙashin ƙasa har ƙarshen layi, muka ƙarasa da tasi. Filin ciyawa ne da aka share masa hanya a tsakiya, mutum kamar ashirin, daga matasa har masu furfura. Akwai jirage masu fiffike tsawon gaba guda, akwai masu saukar ungulu, akwai ƙanana masu farfela huɗu da ke wucewa kamar zirnaƙo. Na yi kallo na ji daɗi, amma idona yana kan wani teburin ƙarfe da aka kafa shi kaɗai a kan tsakuwa, taku goma sha daga motoci, taku goma sha daga inda mutane ke zaune. Dattijon yana tsaye a gabansa. Ya yi ritaya ne daga aikin lantarki a wata masana'anta, kuma kowa a filin Shifu yake kiransa, kamar yadda yaran gareji ke cewa Maigida.

Da ya ji ni ma mai haɗa waya ne, sai ya daina bayani, ya buɗe akwatin cajinsa ya ja da baya, ya bar ni in bi wayar da yatsa. Na fara daga tushe. Babban batir ne na litiyam mai sinadarin ƙarfe, irin wanda muke sa wa mutane a sola, bolt 12.8, amfiya 100. Wannan yana cika babban batirin jirgi kamar sau goma kafin ya gaji. A kan jan bakinsa, bai kai taƙi guda ba, akwai fis. Na yi murmushi domin wannan shi ne abin da nake faɗa da yarana a kansa kullum: fis waya yake karewa, saboda haka a bakin batir ake sa shi. In ka sa shi can kusa da caja, duk tsawon wayar da ke bayansa ba ta da mai tsaro, ranar da ta goge ta taɓa ƙarfe za ta yi ja kamar garwashi, fis ɗin yana zaune lafiya. Bayan fis makunni, bayan makunni waya mai kauri, gajera, mai rigar roba mai laushi wadda ba ta narkewa da wuri. A lambar waɗannan wayoyi, ƙaramar lamba ita ce mai kauri; tasa lamba 10 ce daga batir zuwa caja, lamba 12 daga caja zuwa batirin jirgi. Ban ga inda aka murɗa waya biyu aka naɗe da baƙin tef ba. Kowace mahaɗa an like ta da dalma, an zura mata rigar da ke tsukewa in ta ji zafi. Ya kama hannuna ya ɗora a kan mahaɗar ana cikin caji. Sanyi ƙalau. Ya ce duk mahaɗar da ta ɗumama, to a sake ta a ranar.

Filogin da suke amfani da shi ruwan ɗorawa ne, ana kiransa XT60. Gefe ɗaya a gicciye yake, ba ya shiga a juye. Kuma ɓangaren da ke jikin batir shi ne mai ramuka, ƙarfensa a ɓoye, don ko ya gamu da mukulli ko ƙusa a cikin jaka ba zai haɗa ja da baƙi ba. Sai dai filogi ba ya hana mai dalma kuskure. Duk sabuwar wayar da ya haɗa, sai ya ɗora mata mita ya tabbatar ja yana inda ja yake kafin ta taɓa batir.

Abin da ya fi zama min a rai shi ne bin layi. Na tsaya na ƙirga, ya yi caji sau shida a gabana, bai sauya tsarin ko sau ɗaya ba. Caja ta fara samun wuta daga tushe. Wayar caji ta shiga jikin caja tukuna, domin bakinta na wancan gefen ƙarfe biyu ne tsirara, in batir ya riga shiga suka taɓa juna, tartsatsin yana iya narkar da su. Sannan babbar wayar batir, sannan farin filogi. Sannan ya sunkuya ya karanta fuskar cajar da baki: wane irin batir, ƙwaya nawa na ce mata, ƙwaya nawa ta gani. Sai lambobin biyu sun yi daidai yake danna maɓalli. Mutumin da ya shekara arba'in a aikin lantarki ne, yana karanta lamba a fili kamar ɗan koyo, kuma wannan ya ƙara masa girma a idona.

Ƙarfin cajin ma lissafinsa a jikin batir yake. Wanda aka rubuta wa 5000 mAh amfiya 5 ake ba shi, mai 2200 amfiya 2.2, ya cika cikin awa guda ko ya ɗan ɗara. Akwai baturan da aka rubuta suna ɗaukar ninki biyu ko uku, ya ce ya sani, shi dai ba ya gaggawa, kuma nasa suna shekara uku suna aiki. Na tambaye shi masu buɗe gaban mota su jona caja a batirinta. Ya ce batirin mota an yi shi ne don ya ba da ƙarfi na daƙiƙa uku a tada inji. Babban 6S guda yana jan wat 126 na awa ɗaya, wato sama da amfiya 10 daga batirin motar, in ka yi uku ko huɗu sai an tura ka. Kuma wanda ya ɗora batir a kan inji yana caji ya ɗora wuta ne a kan fetur.

A cikin akwatin na ga wani faifai mai bakuna shida, na cajin batura da yawa a lokaci guda. Yana cikin abubuwan da yaron ya rubuto. Dattijon ya ce kada in saya masa yanzu. Baturan da za a haɗa a kai dole yawan ƙwayarsu ya zama ɗaya, kuma kada tazarar da ke tsakaninsu ta wuce bolt 0.1 a kowace ƙwaya. In aka haɗa cikakke da wanda ya ƙare, wuta za ta kwarara daga wannan zuwa wancan ba tare da caja ta san ana yi ba, siraran wayoyin su narke. In kuma ɗaya ya kama, shida ne a jere. Nasa faifan kowane baki da fis ɗinsa, duk da haka sai ya auna kowane batir kafin ya soka. Na ciro biro na soke wannan layin daga takardar, kuma har yanzu ina ganin daidai na yi.

Wajen hantsi jirgin wani saurayi ya kuɓuce masa ya caki ƙasa da hanci. Ya ɗauko tarkacen, batirin ya ɗan loɓa a kusurwa ɗaya, ban da wannan lafiyarsa lau. Saurayin ya nufo tebur da shi. Dattijon ya tare shi da hannu, ya karɓa, ya sa shi cikin bokitin ƙarfe mai yashi, ya kai can nesa inda iska ke kaɗawa gaba. Bayan kamar sulusin awa muka je muka duba. Ya kumbura kamar fanke, kuma ko ba ka taɓa ba kana jin hucinsa. Bai kama ba, amma da yana kan caja ko a bayan mota, Allah kaɗai ya san ƙarshen labarin. Tafintana, da yake karatunsa ne, ya ƙarasa min bayanin. A cikin kowace ƙwaya akwai wata leda da ta fi gashin kai siranta, ita ke raba ɓangarorin biyu. In ta huje, ko zafi ya kai wajen digiri 130 ta fara narkewa, ɓangarorin su haɗu, zafi ya haifi zafi, ruwan cikin mai kamawa ne, sinadarin kuma yana sakin iskar da wuta ke ci daga jikinsa. Shi ya sa bargo ba ya kashe ta, kuma in ƙwaya ɗaya ta tashi sai ta tada maƙwabciyarta. Hayaƙin guba ne, ba a tsayawa a shaƙa. Yashi yana tsare ta wuri guda, ruwa mai yawa yana sanyaya ta, amma sai an fara raba cajar da wutar bango.

Da rana ta take dattijon ya gayyace mu gidansa shan shayi. A cikin lif na ga hoton babur mai lantarki an ja masa jan layi. Tun gobarar Nanjing ta watan Fabrairun 2024, wadda ta tashi daga inda ake ajiye irin waɗannan babura a ƙasan wani dogon gini ta ci rai 15, aka ƙara tsananta hana shiga da su ko baturansu cikin gidaje. Mutumin da ke zaune a hawa na ashirin da wani abu ya san cewa wutarsa ba tasa ce shi kaɗai ba.

Baturansa a baranda suke kwana, a inuwa, nesa da ƙofar fita. Akwatin ƙarfe ne irin na harsashin soja, amma ya cire robar da ke bakin murfin. Na tambayi dalili, domin ni da na ɗauka toshewa ta fi. Ya ce batir in ya tashi iska yake fitarwa da yawa, akwatin da ba ya numfashi sai ya fashe. Ciki ya shimfiɗa allon siminti ƙasa da gefe don kada waya ta taɓa ƙarfe, ya yanka wasu ya raba ɗaki-ɗaki, kowane batir da nasa. A saman bango ƙararrawar hayaƙi, a ƙasa bokitin yashi. Kafin ya zuba mana shayi sai da ya jona baturan da bai tashi da su ba a ranar, ya sa caja ta sauke su zuwa 3.8. Cikakken batir in ya yi kwana biyu ko uku a ajiye yana cin kansa, ya fara kumburi, ƙarfinsa ya ragu, kuma in tsautsayi ya zo wutarsa ta fi girma. Wanda aka bari a ƙare kuma yana zubewa a hankali har ya faɗi ƙasa da bolt 3, daga nan ya lalace, cajinsa ya zama haɗari. Kowane batir da lambarsa a jiki, kuma akwai littafi: ranar saye, sau nawa aka caja, yaushe wata ƙwaya ta fara ja da baya.

Wanda ya mutu kuma ba ya jefa shi cikin shara da ransa. Yana jona masa ƙwan fitilar mota a waje, a cikin yashi, har mita ta nuna sifiri, ya murɗe wayoyin biyu, sannan ya kai inda ake karɓar tsoffin batura. Na ce na ji ana jiƙa su a ruwan gishiri. Ya ce gishiri yakan cinye bakin ƙarfen ya bar ƙwayar da wutarta a ciki, kai kana zaton ta mutu.

A gida da wutar bango yake caji, ta hanyar wata na'ura da aka ciro daga tsoffin manyan kwamfutocin kamfanoni, mai ba da bolt 12 da wat 750. Suna da araha a Huaqiangbei, kuma suna da ƙarko. Wasu kan jera biyu su sami 24, amma wannan sai an buɗe ɗaya an raba baƙar wayarta da gangar jiki, aikin da ba na ɗan koyo ba ne. Kuma gangar jikin ƙarfe ce, tana bukatar wayar ƙasa ta gaskiya. A nan na yi shiru, domin na san gidaje nawa na shiga a Kano na buɗe soket na tarar ramin na uku ba komai a bayansa.

Washegari na koma wurin matar. Na fara sayen caja mai duba ƙwaya-ƙwaya, da 'yar mita, da fis, da waya, da filogi, da ƙararrawar hayaƙi, sannan batura da abin da ya rage. A nan ma sai da aka gyara takardar. Ana auna batir a filin jirgi da bolt sau amfiya. Babban 6S mai 5000 da yaron ya so, 22.2 sau 5 ne, 111 ke nan, ya haura 100 da aka yarda fasinja ya ɗauka ba tare da izini ba. Daga 100 zuwa 160 sai kamfanin jirgi ya amince, kuma guda biyu kacal. Abin da ya wuce 160 ba ya shiga. Na ɗauki 4S biyu masu 74, da 3S biyu masu 24. Jirgi kuwa ban saya ba, shigo da mara matuƙi Najeriya sai da takardar izini daga ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro.

A filin jirgin Baiyun na Guangzhou, a jakar hannu na sa su, kowanne a ledarsa, na like bakinsa da tef. Jami'ar ta ɗaga su ɗaya-ɗaya ta karanta lambar jikinsu ta mayar min. Wanda ke gabana an karɓe nasa guda biyu saboda rubutun ya goge, ya yi ta faɗa. Na tausaya masa, amma ban ga laifinsu ba. Ranar 3 ga Satumba 2010 jirgin kaya na UPS ya tashi daga Dubai da ɗimbin baturan litiyam, wuta ta tashi a cikinsa, hayaƙi ya rufe matuƙan biyu har ba sa ganin gabansu, duka suka rasu. Daga Afrilun 2016 aka hana lodin irin waɗannan batura a matsayin kaya a cikin jiragen fasinja, a jiragen kaya ma sai cajinsu bai wuce kashi 30 cikin ɗari ba. A ranar 28 ga Janairun 2025 jirgin Air Busan ya ƙone a ƙasa a Koriya ta Kudu, mutum 176 suka tsira da kyar, masu bincike kuma suka nuna batirin cajin waya da ke ma'ajiyar saman kujeru. Dalilin jakar hannu ke nan: abin da ya yi hayaƙi a gabanka za a gani a kashe, na ƙarƙashin jirgi ba mai kai masa hannu. Ina faɗar wannan ne don 'yan'uwana 'yan kasuwa masu cusa batura a tsakiyar dilar atamfa ko takalma su ce wa mai kago ba komai a ciki. Ribar da ke cikin wannan ba ta kai ran mutum ɗaya ba, kuma haƙƙi ne.

Na sauka Kano, kwana biyu na huta, na tafi gidan Yaya da buhun yashi da bulo huɗu. Akwatin soja ba mu da shi, ba ma bukatarsa. A kusurwar tsakar gida ta gabas, ƙarƙashin rumfa, nesa da kicin da tukunyar gas da jarkar man janareta, kuma ba a kan hanyar zaure ba, muka jera bulo a kan siminti ramukan suna kallon sama. Kowane rami batir ɗaya yake ɗauka lokacin caji, a samansa mu ɗora ledar yashi. In wuta ta tashi leda ta narke, yashi ya zubo ya binne ta. Wannan dabarar ma a filin na ji ta daga bakin wani. Wurin kwana kuma tukunyar ƙasa muka samu mai faɗin baki, yashi a gindinta, fasassun tayil a tsakanin baturan, murfi a ɗore ba a toshe ba. Wutar cajar daga batirin solar gidan na jawo ta, da fis a bakinsa, don kada yaron ya sake zaman jiran a kawo wuta da tsakar dare, kuma kada wutar da ke dawowa da ƙarfi ta sami cajar. Shi na sa ya yi dalmar da hannunsa, na sa ya warware biyu ya sake.

Akwai abin da dattijon Shenzhen bai sani ba, mu muka san shi: zafin bazara. Waɗannan batura ba a cajinsu in zafi ya wuce digiri 45, mu kuwa a Afrilu inuwa ma tana haura 40, ɗakin kwano da rufaffiyar mota sun wuce haka nesa. Saboda haka caji bayan asuba ne ko bayan la'asar sakaliya, batirin da ya sauko daga sama sai ya huce, kuma mai caji yana zaune a gabansa har ya gama. Bayan isha'i ba caji. Yaya ta fito ta tsaya ta ji duk wannan, ta sa ya maimaita mata, sannan ta ce ta yarda, amma ranar da ta ga batir a ɗaki magana ta ƙare. Na ce ni ma ina bayanta.

Irin yaron nan suna da yawa yanzu, a Kano da Kaduna da Zariya da Maraɗi, wasu suna ƙera jirgi, wasu suna ɗaukar hoton biki, wasu motar rimot kawai aka sayo musu. Idan akwai ɗaya a gidanku, kada ku hana shi. Ku shiga ɗakinsa yau ku ce ya nuna muku cajarsa da inda batirinsa yake kwana. In kun same shi a kan katifa ko ƙarƙashin gado, ku fito da shi tsakar gida kafin magariba.